Ruwan da Sunansa Ya Wanke

A kan kanta ta sama a ɗakin gwaje-gwajenmu akwai kwalabe talatin da shida, kowace cike da ruwa har baki, kowace da guntuwar takarda toka-toka ɗaure a wuya, babu ko harafi ɗaya a jiki. Duk ƙarshen zango sai an kawo mini fom na kayan da za a zubar, duk ƙarshen zango kuma sai in tsallake layinsu in sa hannu a sauran. Ɗalibai sun ɗauka wani dogon gwaji ne nake yi. Ban taɓa gyara musu zato ba.

Na haura shekara ashirin ina kula da ɗakunan gwaje-gwaje na sashen ilimin ƙasa da duwatsu a wata jami'a da ke gefen Abuja. Ni ba farfesa ba ne, ba na shiga aji. Ni ne mai makulli. Ni na san wace tukunyar gas ta kusa ƙarewa, wane ɗalibi ne ke wanke kwalba rabi da rabi, wane malami ne ke aron ma'auni ya manta hanyar dawowa. Idan aiki ya yi kyau sunan wani ne ke fitowa a takarda, idan ya lalace lambata ake nema. Na saba, kuma gaskiya ina da baki, ba na barin bashin magana ya kwana. A jikin ƙofar firji ma akwai doka da na buga da hannuna, da manyan baƙaƙe: kada wani samfuri ya shiga nan sai an shigar da shi rajista. Na sha sa masu digiri na biyu kuka a kan dokar nan.

Babbar kadararmu wata na'ura ce da ɗalibai suka laƙaba wa suna Hajiya, saboda ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ba ta son a ɗaga murya kusa da ita, kuma ba a kashe ta. Cikinta dole ya zauna fanko, babu ko ɓurɓushin iska, famfuna biyu na zuƙe shi dare da rana. In wuta ta yanke famfunan suka tsaya babu shiri, sai a yi makonni ana lallashi kafin ta dawo hayyacinta, in ma ta dawo. Aikinta awon aizotop. Kalmar ta fi abin ban tsoro. Ruwa duk ruwa ne a ido, amma a cikin kowane ɗigo akwai ƙwayoyi masu ɗan nauyi fiye da 'yan'uwansu, kuma yawansu ya danganta da inda ruwan ya biyo: ko rana ta daɗe tana dukansa a fili, ko ruwan saman bana ne, ko kuwa tsohon ruwa ne da ya shekara aru-aru a tsagar dutse. Hajiya tana auna wannan, ta faɗa maka ruwan nan da wancan uwarsu ɗaya ko kowa da tasa.

Wanda ya fi saurin gane bayanin nan a duk rayuwata bai taɓa zama a benci ba. Wani dattijon Bafulatani ne, ardon wata ruga da ke can bayan Dei-Dei, ta wajen hanyar Zuba. A wurinsa nake sayen ragon layya duk shekara a kara, kasuwar dabbobi. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, in yana son tsokana ya ce Malam na kwalba. Dogo ne siriri, idonsa ɗaya ya fara hazo, kuma ba ya ciniki da gaggawa. Sai an zauna a kan buhu an gaisa, an tambayi iyali, an tambayi shanu, manyan motocin siminti da rodi na wucewa suna girgiza ƙasa, sannan a waiwayi rago.

A wata shekara da na tambaye shi shanu, bai ce lafiya lau ba. Sai ya ce, "Malam, shanu yana nan, ruwa ne babu."

Rijiyoyi uku gare su. Ɗaya a gindin ɗorawa, ɗaya a bakin kwari, ɗaya kusa da masallacinsu na kara. Ubansa ne ya haƙa biyu, shi ya haƙa ta ukun. Ko a shekarun da damina ta yi gardama ba su taɓa ƙafewa ba. Sai ga wani kamfanin ruwan leda ya sayi fili a gabas da su, ya kafa rijiyar burtsatse mai zurfin gaske, injinsa na ja tun safe har yamma. Shekara biyu kacal, igiyar guga ta fara neman ƙari. Sun kai kuka wani ofishi. Mutanen kamfanin suka ce su daga can ƙarƙashin dutse suke ja, ba abin da ya haɗa ruwansu da 'yan rijiyoyin makiyaya. Jami'in ofishin, wanda Baffa ya ce mutumin kirki ne, ya ce shi ba zai iya hana kowa ja ba sai da takardar gwaji a hannu. In aka kawo takarda cewa ruwan ɗaya ne, za a rage wa kamfanin awannin ja. In babu, babu.

"In rijiya ya tafi, mu ma mun tafi," in ji Baffa. "Gida goma sha ne. Kabarin babana yana nan."

Nan na yi masa bayanin Hajiya, ina ta kame-kamen kalmomi. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu. "Na gane. Kamar maraƙi ne. Ko ya shiga garken wani, ka duba ƙaho da goshi ka san uwarsa."

Na ce haka ne, amma akwai sharaɗi. Da damina duk rijiya mai gajeren zurfi kamannin ruwan sama take ɗauka, sai rani ya yi nisa sannan ainihin uwar ruwan take nuna fuska. Don haka ɗiba ɗaya ba ta isa. Sai an ɗebi kowace rijiya duk wata, shekara guda cur, a ga yadda kowace ke sauyawa, ta kusa da kamfanin da ta nesa. Ruwan kamfanin kuwa ba wahala, a kowane cunkoson mota ana cusa maka shi ta taga.

Bayan Sallah na kai masa kwalabe talatin da shida na gilashi masu murfin roba a ciki, da baƙin alƙalamin maka guda ɗaya. Na nuna masa yadda ake cikawa har ya tumbatsa, a murɗa murfi tam. Na ce, "Baffa, abu biyu. Ka rubuta sunan rijiya da wata a jikin kowace. Sannan kada iska ta shiga."

Ya dube ni da lafiyayyen idon. "Wace iskar? Ta Allah ko ta kan tsamiya?"

Na ce duka biyun. Muka yi dariya har wani dillali ya juyo.

Shekara ta zagayo. Mako biyu bayan Babbar Sallah, ranar wata Alhamis da hantsi, mai gadi ya kira ni ya ce ga wani tsoho a ƙofa da kwali a ka, ya ƙi yarda a karɓar masa. Na fita na shigo da shi. Ya cire takalmi a bakin ɗakin Hajiya ba tare da an ce masa ba, ya tsaya yana sauraren gurnanin famfunan, ya ce, "Tana numfashi." Sannan ya sauke kwalin. Ya jera kwalaben cikin busasshiyar ciyawa kamar ƙwan zabi. Na ɗaga ɗaya bayan ɗaya ina juya su a haske. Wallahi ko kumfa ɗaya ban gani ba. Na horar da ɗalibai sun fi a ƙirga, ban taɓa samun wanda ya cika kwalba talatin da shida babu kumfa ba. Shekara guda suna ajiye a inuwa bayan randar matarsa.

Amma babu rubutun maka a jikinsu. A wuyan kowace an ɗaura 'yar takarda da zare, an yi rubutu layi uku da ajami, baƙi wuluk, hannu mai kyau kamar an zana.

"Alƙalamin naka ƙishirwa ta kashe shi tun kafin wata ya tsaya," ya ce. "Hularsa ta ɓata. Sai na koma nawa." Nasa shi ne alƙalamin kara da tawadar allo, wadda ake dafawa da gawayi da ƙaro. Ya miƙo mini guda. "Ka dai gane hannuna ko?"

A nan ne komai ya lalace, ba a ranar da wuta ta tafi ba.

Na yi makarantar allo ina ƙarami, kafin boko ta ɗauke ni zuwa makarantar kwana. Ina karanta Alƙur'ani bugun inji ba tuntuɓe. Amma rubutun hannu na ajami, balle wanda aka cakuɗa da Fillanci, sai dai in kalla in yaba. Layin farko na gane, Bismillahi ne, ya sa a kan kowace. Layi na biyu da na uku, sunan rijiya da wata, ko ɗigo ban kama ba. A lokacin akwai malamai biyu matasa a ɗakin, da ɗaliba ɗaya mai digiri na uku, duk masu ce mini Oga, duk sun zuba ido suna murmushi suna jiran su ga Oga ya karanta. Ɗayansu ma ba Bahaushe ba ne, kullum yana ce mini, "Oga, ku 'yan Arewa kuna da rubutu biyu, kun fi mu." Sai na ji bakina ya ce, "Tsaf, Baffa. Hannunka ai ya fi bugun inji."

Ya ji daɗi. Na ga ya ji daɗi, har ya gyara zaman hularsa.

Na raka shi bakin titi, na dawo, na tsaya gaban firji da dokar da na buga da hannuna tana kallona. Na buɗe na jera kwalaben a bene na sama, ƙarƙashin gidan ƙanƙara, duk inda wuri ya samu, ban ko kula da yadda ya jero su a kwali ba. Abin haushin ma, ruwan da aka rufe tam ba ya bukatar firji. Shekara guda ya yi a bayan randa ba abin da ya same shi. Na sa su a firji ne don girmamawa, kamar yadda ake shigar da baƙo ɗakin da ya fi sanyi.

Niyyata mai kyau ce, kamar ta kowane mai sakaci. A masallacin unguwarmu a Gudu akwai na'ibin liman Bafulatani, na ce zan ɗauki hoton takardun a waya in kai masa bayan la'asar ya karanta mini a asirce, in cika rajista, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ni da nake ɗaukar hoton komai, har da allon mita. Amma a makon iskar hiliyam da Hajiya ke aiki da ita ta ƙare, sabuwar tukunya tana hanya, tana hanya, tana hanya. Na ce to, gaggawar me ake, tunda ba yau za a auna ba? Litinin ta zama Laraba. Laraba ta zama bayan taron sashe. Kuma can ƙasan zuciyata na sani ba rashin lokaci ba ne. Na'ibin nan yana girmama ni, yana gabatar da ni ga baƙi a matsayin masanin jami'a, ban so ya san masanin ba ya iya karanta layi biyu ba. An ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Tukunyar hiliyam ta iso a farkon watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Na kwana biyu ina daidaita Hajiya da ruwan ma'auni har ta fara ba da lambobi masu daɗin gani. Na ce ranar Litinin sai kwalaben Baffa, kuma kafin nan lalle zan ga na'ibi.

Ranar Juma'a da azahar aka yi tsawa, tiransifomar ɓangarenmu ta yi ƙara ta mutu. Masu gyara suka leƙa suka ce sai dai wani makon. Janareton jami'a awa huɗu yake ba mu a yini, sauran lokacin batura ne ke riƙe da ɗakin. Na zauna da biro na yi lissafin abin da baturan za su iya ɗauka. Famfunan Hajiya da na'urar sanyaya ɗakinta, in aka bar su su kaɗai, za su kai. In aka haɗa da firji da fitilu da kwamfutoci, ba za su kai asubar Asabar ba. Lissafin bai da wuya. Na bi ɗaki ɗaki ina zare filogi. Da na zo kan firji na tsaya na yi tunani, don kada a ce ban yi tunani ba: me ke ciki da zafi zai ɓata? Babu. Ruwa ne a rufe. Na zare. Sannan na yi abin da duk mai kula da kaya yake yi in ya kashe firji, na sa guntun katako na tokare ƙofar a buɗe don kada ciki ya yi wari. Na kulle ɗaki na tafi gida ina jin kaina gwani.

Ni da aka yi wa rubutun sha ba sau ɗaya ba ina yaro. Ni da na sha tsugunawa gaban ƙwarya ina kallon mahaifiyata tana zuba ruwa a kan allo, baƙaƙen suna narkewa suna gangarowa. Tawadar allo ai don ta wanku aka yi ta. Duk ɗan da ya tashi a gidan Hausa ya san wannan kafin ya san sunan unguwarsu. Ko sau ɗaya abin bai gifta mini ba.

Ranar Litinin da safe na tarar da Hajiya lafiya ƙalau, famfuna na gurnani. Na yi hamdala. Sai na juya ga firji. Ƙanƙarar sama ta narke ta yi kwana biyu tana ɗiga a kansu, danshin Agusta ya shiga ta ƙofar da na tokare, kwalaben sun yi gumi sun jiƙe sharkaf. Takardun sun manne a wuyansu, toka-toka, fes. Na ɗaga ɗaya, na ɗaga biyu, na ɗaga duka. A wasu akwai ɗan inuwar layi, na kai ƙarƙashin madubin da muke duba dutse, na haska fitila ta gefe, na gwada duk dabarar da na sani. Alƙalamin kara ba ya huda takarda, shafa ta yake yi. Bai bar sawu ba.

A tiren da ke ƙasan firjin ruwa ya taru, baƙi kamar shayin da ba madara. Mai shara ta zo za ta ɗauka ta zubar a kwata, na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Bismillahi talatin da shida ne a ciki, shi kaɗai ne abin da na iya karantawa, ba zan bari ya bi kwata ba. Na tace shi a cikin wata kwalba. Hannuna da ya saba ya cika ta har baki ya murɗa tam.

Na zauna a kan kujera. Ban yi kuka ba, amma na ji tsanar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Ɗaya daga cikin matasan malaman nan ya shigo ya ga abin da ya faru. Mutumin kirki ne, taimako yake nufi. Ya ce, "Oga, relax. Mu yi running ɗinsu duka. Ai za ka gane na damina da na rani daga result. Sai mu yi arranging yadda ya kamata. Waye zai sani? Kuma ai tsohon yana da gaskiya."

Na san yana da gaskiya. Har gobe na yi imani ruwan nan ɗaya ne. Amma in na jera lambobin da hannuna don su faɗi abin da nake so, to ba Hajiya ce ta yi magana ba, ni ne na sa mata magana a baki, kuma duk wani masanin da kamfanin ya ɗauko, tambayarsa ta farko ita ce ina rajista. Na ce masa a'a. Kada a ɗauka jarumta ce. Ƙarya ɗaya na yi ta kai ni nan, ban ga alamar ta biyu za ta mayar da ni gida ba.

Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Matata ce ta gaji da ganina ina juya tuwo ba na ci, ta ce, "Maigida, wannan ba maganar waya ba ce. Mutumin da ya ɗauko kwali a ka ya zo har inda kake, kai ma ka ɗauka ka je." Ranar Asabar na sa kwalaben a bayan mota, da baƙar kwalbar a aljihun gaba, na bi ta Dei-Dei cikin cunkoson tireloli, na sauka daga kwalta na bi jar hanya mai taɓo. Kafin in hango rugar na fara jin injin kamfanin.

Na same shi a gindin ɗorawa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Ban iya sha ba. Na sauke kwalin a gabansa na buɗe, na faɗa masa komai yadda ya faru. Da na zo kan tawadar sai ya ce, "Ayya, ruwa ya taɓa. To ai ka kwafa a littafinka."

Na ce, "Ban kwafa ba, Baffa."

"Mantuwa?"

"Ba mantuwa ba ce. Ban iya karanta hannunka ba. Da ka tambaye ni, kunya ta sa na ce na iya."

Ya ɗauki kwalba ɗaya ya kai kusa da lafiyayyen idonsa, ya juya takardar gaba da baya, ya shafa ƙullin zaren da babban yatsa. Na ce ko zai tuna wani abu, ko ƙulli ya bambanta, ko zare. Ya girgiza kai, ya ce hannu ɗaya ne ya ɗaura, zare ɗaya ne. Ya ce in ya buɗe ya ɗanɗana zai iya gane ta ɗorawa, tana da ɗan bauri na saiwa, wataƙila ma ya gane ta kwari. "Amma wata ba ya da ɗanɗano, Malam. Kuma da harshena hujja ne a ofis, da ban zo wurinka ba."

Na ce to mu sake. Zan kawo sababbin kwalabe, ni da kaina zan riƙa zuwa duk wata, ni zan rubuta.

Ya miƙe ya ce in biyo shi. Rijiyar ɗorawa taku kaɗan ce daga inda muke. Ya ɗauki tsakuwa ya saki. Muka ji ta faɗa a kan laka, ɗif, ba fantsama. A tsakiyar Agusta, ciyawa har gwiwa. Ya ce ta bakin kwari ma tun azumi ta fara shan wahala, yanzu guga rabi take bayarwa da safe. Ta masallaci ce kaɗai ke riƙe da su, ita ma ba za ta ga ƙarshen rani ba. Gida huɗu sun riga sun ɗaure kaya. "Shekaran da za ka auna, ita ce wadda na ba ka," ya ce. "Babu wata."

Sai na tuna da baƙar kwalbar. Na ciro na miƙa masa da hannu biyu, na ce wankin takardun ne, ban san inda zan zuba ba saboda sunan Allah.

Ya karɓa ya ɗaga ta a rana. A karo na farko tun zuwana fuskarsa ta ɗan saki. "To ai ga su nan duka," ya ce. "Da rijiya da wata." Ya buɗe murfin, ya yi Bismillah, ya tsiyaye ta a hankali cikin rijiyar ɗorawa har ɗigon ƙarshe, ya miƙo mini kwalbar.

Na so in bar masa kwalin, ya ce a'a, me zai yi da shi a hanya. "Ka ajiye. A wurinka dai ba su ƙafe ba."

Har mota ya rako ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi, amma bai yi ba. Sai da na tayar da inji ya sunkuyo ta taga, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji, kamar har yanzu mutuncina yake karewa. "Malam na kwalba, da ka ce ba ka gane ba, ai da na karanta maka a tsaye. Matambayi ba ya ɓata."

Da Babbar Sallar da ta biyo na je kara. Wani ne a wurinsa, matashi mai waya biyu. Na tambayi ardo, ya ce sun tashi tun kafin bazara, wasu sun ce sun yi kudu, wasu sun ce sun tsallaka jihar Neja, lambarsa kuma ba ta shiga. Na sayi rago a tsaye, cikin minti biyar, ba wanda ya tambaye ni iyali.

Hajiya tana nan tana numfashi. Ban taɓa barin cikinta ya sha iska ba, an ma yaba mini a taron sashe kan yadda na ceto ta a makon tiransifoma, aka tafa. Dokar tana nan a ƙofar firji, sai dai na daina ɗaga murya a kanta.

Ni mutum ne mai awo, ba na iya barin abu ban san girmansa ba. Wata rana da ɗakin ya yi shiru na ɗauko rajista da agogo, na sa ɗalibar nan mai digiri na uku ta tsaya inda Baffa ya tsaya, ta riƙa faɗa mini sunan rijiya da wata, ɗorawa, kwari, masallaci, a hankali irin na tsoho mai ido ɗaya, ni kuma ina rubutawa a wata takardar banza. Ba ta san dalili ba, ban kuma faɗa mata ba. Layi talatin da shida. Minti goma sha ɗaya ya ɗauke mu.